Gemun Injiniya da Farin Zakara

"…Lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta jin magani. Kai kuma wace iska ta kwaso ka da tsakar rana, da wannan tsintsiyar a haɓa?"

"Iskar ƙauna, amarya. Na zo in duba ko haƙorin nan naki guda ɗaya yana bakin aiki, ko shi ma ya yi ritaya."

"Yana nan daram, yana jiran naman da ka yi shekara uku kana yi masa alkawari."

Kaka ke nan da yayana, wanda kowa ke kira Injiniya tun ranar da ya buɗe shagon gyaran waya, ya haɗa da gidan gem, wato wasan kwamfuta, a ɗakin baya. Ni ina gefe ina yi wa Kaka guga. Da na ga ya shigo da leda cike da lemo da ayaba, na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, don mutumin nan hannu rabbana yake zuwa gidan nan, ya ci ya sha, ya kuma tafi da ƙunshi. Yau kuwa ya durƙusa har ƙasa, baki na gaisuwa, ido na kan kabad.

A saman kabad ɗin, kusa da 'yar talabijin ɗin Kaka, akwai tsohuwar na'urar gem ɗinmu lulluɓe da ƙyalle. Kawu ne ya kawo mana ita shekara ashirin da suka wuce, da kaset guda ɗaya tak: wani ɗan mutum mai fitila yana gudu cikin kogo yana tsallake ramuka. Mu bakwai ne jikoki, duk hutun makaranta a nan muke tarewa. A mataki na bakwai akwai wani bango mai tsaga, kuma babu yaron da bai sani ba a unguwar cewa bayan bangon akwai ƙofa, bayan ƙofar akwai farin zakara mai girman raƙumi. Wanda ya hau shi, shi da mutuwa a wasan sun yi hannun riga.

"Kaka, aron waccan na zo yi, zuwa jibi."

"Wacce? Tocilan? Ɗauka, ko ka haska cikin gemun ka ga abin da ke kwana a ciki."

"Na'urar."

"Au, ashe ba wurina ka zo ba. Ni nan har na fara murna angona ya tuna da ni. Ɗauke ayabarka."

"Haba amarya, ke ce gaba, na'ura ce baya."

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Faɗi abin da ya faru."

Ya sosa ƙeya.

"Samarin da ke wasa a shagona ne. Jiya ina ba su labarin ƙofar, sai wani mai kunnuwa kamar faranti ya ce wai ya bincika a waya, duk duniya babu wanda ya taɓa ganinta. Suka sa mini dariya. A shagona, Kaka, a kan bencina."

"Sai ka yi me?"

"Sai na ce su ba ni kwana biyu, gobe ke nan da la'asar, zan buɗe ta a gabansu. In ba ta buɗu ba, mai askin da ke jikin shagona ya sauke mini gemu a bakin titi."

Na ajiye dutsen guga. Gemun nan shekara huɗu yana kiwonsa. Mansa daban, matajinsa daban, ko matarsa ba ta taɓa shi sai da izini. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, to ni ba ni da gemu, don haka na gyara zama.

"Baki shi ke yanka wuya," in ji Kaka. "Ga shi gobe zai yanka gemu. Mai askin ya yarda?"

"Tun safe yake wasa aska yana kallona."

"Allah ya yi masa albarka. Ka ce ya ajiye mini gashin, tsintsiyar tsakar gida ta ƙare."

"Ko sili ɗaya ba za ki samu ba. Na san ƙa'idojin, a kaina suke."

"To karanto mu ji."

Ya miƙe zaune, ya fara lissafawa da yatsu kamar mai ba da fatawa.

"Ta farko, sai ka wanke kwanuka har yatsunka su yamushe, don maɓallan suna gane yatsa mai sanyi. Ta biyu, a lulluɓe na'urar, a rufe ta a ɗaki daga azahar zuwa la'asar ta huta, kada kowa ya leƙa. Ta uku, a hura kaset sau uku. Ta huɗu, in an iso bangon, a tsaya da ƙafa ɗaya."

"Ƙafa ɗaya? In ji wa?"

"Ɗan mai shago ne ya ji a wurin yayansa, shi kuma a wurin wani da ya taɓa zuwa ƙasar waje."

"Madalla da malamai. Sai me?"

"Ta biyar, kada hannun mace ya taɓa."

A nan jinina ya hau. Wannan ta biyar ɗin ita ta sa na yi ƙuruciyata kaf ina zaune a bayansu ina kallon ƙeya. Kwanuka dai tare muke wankewa, har na fi su, amma da na miƙa hannu sai a ce zan kori zakara. Har yau ban yafe ba, kuma ya sani.

Kaka ta fara dariya, irin tata wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke rawa, har sai da ta share ido da bakin mayafi.

"Ta farko da ta biyu nawa ne," ta ce. "Sauran ukun ƙarin gishirinku ne."

"Naki kamar yaya?"

"Nawa na kaina. A kan kujerar nan na ƙera su, wata ranar Laraba. Ku bakwai, ku ci ku tara mini kwanuka kamar an tashi daga taro. In kira wannan ya ce saura rami ɗaya, in kira wancan ya ce bari in mutu tukuna. Sai na jawo ƙaraminku na raɗa masa a kunne cewa na ji wani baƙo yana zancen ƙofa. Kafin magariba kuna rububin soso."

"Kaka, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, shi ya sa nake gaya maka tun aska ba ta hau ba. Bayan sati biyu maƙwabciyata ta shigo hankali a tashe, wai ko na san abin da ya sami 'ya'yanta, suna kuka a ba su wanke-wanke. Ko da labarin ya zagayo ya dawo mini, ya yi ƙafa ya yi fiffike. Wani ma cewa ya yi sai an kwantar da kaset a firiji."

"Wannan kam gaskiya ne, yana ƙara masa gudu."

Ta juyo wurina. "Kin ji ko? Wai injiniya."

"To na ji ta kwanuka," in ji shi. "Hutun fa? Me ya dame ki da hutun na'ura?"

"Duba ta mana. Ba kai ne mai gyara ba?"

Ya tashi ya yaye ƙyallen. Ko ƙura babu. Ya ɗauko hannun gem ɗin, wato abin dannawar, ya jujjuya shi. Maɓallin tsalle ya siɗe ya yi sumul, rubutun kansa ya goge, wayar kuma sabuwa ce fil.

"Wa ya canza wayar nan?"

"Mai gyaran bakin kasuwa. Sau biyu. Yaron kirki, ya fi ka hannu, kuma fuskarsa a share take."

"Kika tsallake shagona kika kai wa wancan?"

"In kawo maka ka tona mini asiri? Ai na'urar nan ba ta taɓa hutawa ba, angona, ku ne kuke hutawa. Kuna fita in murza makulli, in rage murya, in zauna. Mataki goma sha biyu ne, na ƙure su tun kana fitsarin kwance."

"Ke? Da wannan idon da ba ya ganin kafar allura?"

"Kafar allura daban, ramin kogo daban. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Kuma bari ka ji abin kunya. Da na ga unguwa kaf ana ta rantsuwa a kan ƙofar nan, ni kaina sai da na fara shakka. Na je na yi wa bangon tsalle ta hagu, na yi ta dama, na buga masa fitila. Rannan har ƙafa ɗaya na ɗaga, da gwiwar nan tawa."

"Sai me ya faru?"

"Sai na faɗi a kan gado. Bango ne, ɗan nan. Bayansa babu komai sai bayan talabijin."

Shure-shure ba ya hana mutuwa, amma yayana sai da ya yi nasa. Ya dawo ya zauna, ya kama gemu da hannu biyu kamar za a ƙwace masa yanzu.

"Duk na ji. Amma gani ya kori ji. Ni na ga zakaran nan da idona. Fari tas, da jan zanko, ya cika talabijin, har cara ya yi. Wannan ba wanda ya ba ni labari."

Kaka ta daina dariya. Ta ɗan dube shi.

"Ka gan shi. Ban ce ba ka gan shi ba. Kana tuna hutun da zazzaɓi ya kwantar da kai?"

"Sama-sama."

"Ni ba sama-sama nake tunawa ba. Kwana huɗu ba ka sa komai a baki ba. Uwarka tana can wurin aiki a wani gari, daga ni sai kai a ɗakin nan, ka koma kamar tsinke. In kawo cokali ka kau da kai, ba abin da kake sambatu sai ƙofa, ƙofa. Rana ta biyar da hantsi na kunna talabijin ko za ka buɗe ido, na zauna ina bugawa har na kawo ɗan mai fitilar jikin bangon. Ashe na bar ƙofar ɗaki a buɗe. Sai ga zakarana, fitinannen farin nan, ya shigo ya ɗare tebur, ya tsaya a gaban gilashin ya yi cara."

"Kaka."

"Ka buɗe ido ka ce, 'Kaka, ta buɗu.' Na ce, 'Ta buɗu, ɗan albarka, amma zakaran ya ce ba ya ɗaukar mai jin yunwa.' Ka shanye kofin madara tas. Ni kuwa na fita bayan ɗaki na yi kukana."

Gaskiya idona ya kawo ruwa. Ina tuna wannan hutun, ina tuna an kwashe mu zuwa gidan Kawu ba a gaya mana dalili ba, amma ban taɓa sanin abin ya kai haka ba. Injiniya ya sunkuyar da kai yana murza maɓallin nan da ya siɗe. Sai ya yi tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"To ina zakaran ya tafi?"

"Cikinka. Washegari na sa aka yanka shi na yi maka romo. Har ƙashi ka tauna."

Ni na fara fashewa, sannan shi. Ya kwanta a kan darduma yana dukan ƙasa, hawaye na gangarowa cikin gemu.

"Shekara ashirin ina neman abin da na cinye!"

"Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami."

"Yanzu ya zan yi da samarin nan? Ko in ce tafiya ta kama ni?"

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, ka tambaye ni. Nawa ma da ya yi shekara ashirin, yau ga shi ya ƙure."

"Na sallama, amarya. Kin ci gari. Gemu ya tafi."

"Zai sake tsirowa, ai ba haƙori ba ne."

Ta jawo aljihun kabad, ta lalubo wani ɗan kube na fata da ya sha hannu. Askar marigayi Kakanmu ce. Ta ɗora masa a tafi.

"Kai wa mai askin wannan. Ta mijina na fari ce, ba ta taɓa yankan kowa ba. Ka ce ya bi a hankali, kada ya ɓata mini fuskar na biyu. Samarin kuma ka gaya musu gaskiya, wata tsohuwa ce ta yi wa unguwa guda wayo. In mai kunnen farantin yana ji da kansa ka kawo shi nan, in ba shi ratar mataki uku."

"Na'urar fa?"

"Gobe da safe ka zo ka ɗauka. Yau ba ta huta ba tukuna. Ga kwanukan rana can a bakin famfo."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya sa askar a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya fita yana girgiza kai yana dariya. Da muka ji ƙarar kwanuka ta fara tashi, Kaka ta murza makulli, ta zare kaset ta hura shi sau uku.

"Ba kin ce wannan ba taki ba ce?" na tambaye ta.

"Ba tawa ba ce. Amma wa ya sani?"

Ta kunna talabijin, ta rage murya, ta miƙo mini hannun gem ɗin.

"Zauna, 'yar nan. Kin daɗe kina kallon ƙeya, yau ki kalli kogo."