Ranar da Banki Ya Sa Na Kira Sunan Ɗan Fari

Ba zan taɓa mantawa da kakar shekarar nan ba. Damina ta yi kyau a Roni, gyaɗa ta yi 'ya'ya, kowa ka gani fuskarsa a sake. Ni kaɗai ce da damuwa, don hannun keken saƙata ya karye, ga sanyi na matsowa, ga mata sun ba ni aikin rigunan jarirai. An duba Kazaure, an duba Kano, babu irinsa.

'Yata Hauwa'u ce ta samo shi a waya, a wani kanti can ƙasar Sin. Muka sa lambobin katina. Maimakon kaya sai saƙo ya shigo: banki ya rufe katin, wai an ga ana son cire kuɗi daga ƙasar waje, in ni ce in kira su in tabbatar. (Ban ga laifinsu ba. Matar da iyakar katinta mai POS na bakin kasuwa, yau ga ta a Sin.)

To gidanmu sabis wuri ɗaya yake zama, gindin rumbu. A nan kuma ranar aka baza tabarma ana ɓarar gyaɗa, har da Yaya Asabe, yayar maigidana, da ta zo daga Gwiwa. Wayata ba a ji sosai, sai Hauwa'u ta buɗe muryar, kowa na saurare.

Wata yarinya mai ladabi ta ɗauka. Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta tambayi garinmu, na faɗa. Har na fara jin kaina.

"Saura ɗaya, Mama. Wa kika sa magajin asusun?"

Ɗan farina na sa, kuma sunan surukina ne da shi. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunan ba, ga shi yanzu har da 'ya'yansa. Ranar buɗe asusu rubutawa na yi, da hannun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, biro kuwa ba ruwansa da kunya.

Na ce, "Yaron nan ne."

"Wane yaro, Mama?"

"Babban."

"Sunansa nake so."

Na saci kallon Yaya Asabe. Ta daina ɓara, ta gyara zama. Na ce, "'Yar nan, kin san annabin da kifi ya haɗiye? To shi."

"Na gane, Mama, amma ba a yarda in cika miki ba. Sai ya fito daga bakinki."

Hauwa'u ta matso za ta faɗa. Nan take muryar yarinyar ta canza. "Akwai mai gaya miki amsa a gefe? In haka ne zan bar katin a rufe, sai kin zo ofis an yi bincike." Wato ni ce ɓarauniyar kuɗina. Na hango sanyi ya shigo, keke na jingine, masu jego na aiko min a karɓo zarensu.

Na sunkuyar da kai na faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, Mama, sabis na yankewa. Ɗaga murya."

Ni da ko akuya ba na iya yi wa tsawa, na rufe ido na ce, "Yunusa!"

Sai ji muka yi daga zaure, "Na'am?"

Ashe yana nan yana sauke buhunan gero. Ya shigo da gudu, ba hula, yana dube-dube. "Inna, lafiya? Wa ya rasu?"

Matan nan suka kife da dariya. Yaya Asabe ta ce, "Ba wanda ya rasu sai kunya. Sannu, matar ƙanena, ashe sunan babanmu na bakinki, kina ta ɓoyo."

Daga cikin wayar yarinyar ta ce, "An buɗe katin, Mama. Ki gaishe da Malam Yunusa." Ita ma ina jin tana danne dariya.

Hauwa'u ta sake gwadawa, kuɗi suka tafi, kanti ya amsa. Na ja mayafi na rufe fuska, amma wallahi a ƙarƙashinsa ajiyar zuciya nake yi. Abin da na koya shi ne, duk sunan da za ka ba banki, ka fara gwada shi a bakinka, a gaban dangin miji.

Washegari da safe na ce babban yaron ya kai ni Kazaure a babur, zan canza magaji. Sai da muka wuce gonakin bayan gari ya ce, "Inna, da kin bar shi haka. Ni dai na ji daɗi."

Na ce, "Kai wannan, duba hanya."

A banki na sa sunan Hauwa'u, wadda kullum nake ƙwala wa kira tun asuba.