Turken Akuyar Abbas

Kalilu maƙeri yana zuga wuta wani direban kaminyo, babbar motar kaya, ya tsaya a bakin maƙerarsa a Jibiya, ko injin bai kashe ba.

"Abbas Buzu mai cajin waya na Magama, abokinka ne ko?"

"Bawana ne. Me ya yi kuma?"

"Sai haƙuri. Tsawa ta faɗa masa ɗazu da ruwan nan ya taso. A gindin wani ƙarfe aka same shi, da kebur a hannunsa. Wayoyin mutane kuwa duk ya cire ya naɗe a rawaninsa, ko ɗaya ba ta ƙone ba."

Kalilu ya saki zugazugin. Ya yi salati. Ya san ƙarfen, shi ya ƙera shi. Rumfar Abbas tana daf da shingen iyaka, da faifan sola da dogon sanda mai kamo sabis ɗin Nijar. Bara tsawa ta ƙone masa batir da wayoyin direbobi, ya yi ta rama don kunya. Shi ya sa Kalilu ya kafa masa rodi a ƙasa, ya ba shi kebur ya ce ya haɗa shi da sandan, in tsawa ta sauka ta bi ta nan ta shige ƙasa.

Jiya jiyan nan ya je dubawa.

"...lafiya lau, bawa. Ina gajiyar toka?" in ji Abbas, yana tsiyaya shayi.

"Wa ke bawan wa? Kai Buzu, mene ne wancan?"

"Akuya ce. A maƙera ba ku san ta ba?"

"Ƙarfen da na ƙera don tsawa ka ɗaure wa akuya?"

"Turke ne mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Tun da aka haife ka ba ka ƙera abin kirki kamarsa ba."

"Ina kebur ɗin jan ƙarfen da na ba ka?"

"Ga shi can na shanya wando."

"La ilaha! Wanda ya tashi a gindin raƙumi aka ba lantarki, ai dole."

"Mu 'ya'yan sarauta ba mu taɓa baƙin ƙarfe. Aikin bayinmu ne."

"Sarautar da ko ƙofa ba ta da ita? Ni na ƙera takobin kakanka, har yau bai yanka ko albasa ba."

"Kakanka dai kakana ya saya, da cuku guda, aka ce an cuce shi."

"Bara wa ya zo maƙera yana hawaye cikin rawani?"

"Hayaƙinka ne ya shiga idona."

Kalilu ya ajiye kofin shayin. Ya dubi wayoyin da ke jere kan tabarma, na direbobi, na 'yan dako, da ta wata tsohuwa mai jiran kiran ɗanta daga Agadas.

"Abbas, bar wasa. Damina ta kankama. Wayoyin nan amanar mutane ce. In ta sake saukowa, ba wanda zai ƙara ajiye maka ko tocila."

Buzun ya gyara rawani, ya rage murya.

"Na sani. In na ji rugugi, bara nake tunowa. Ba ni iya sake kallon idon mutum in ce masa wayarsa ta ƙone."

"To kawo in ɗaura yanzu."

"A'a! Ka ɗaura, ka shiga kasuwa ka ce Buzu ya kasa ɗaure igiya? Mu da ke ɗaure raƙumi da hannu ɗaya? Da kaina zan yi."

"Ka taɓa ƙarfe? Sarauta ta zube ke nan."

Abbas ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya laluba jaka ya ciro cuku ya dangwara masa a hannu.

"Ka ci ni, maƙeri. Ungo kuɗin kakanka, na 'yanta ka. Gobe akuya za ta tashi."

Kalilu ya hau babur, ya waiga. Can wajen Ɗan Isa, tsallaken iyaka, sama ta ɗan yi duhu.

"Ka yi shi da rana tsaka, ka ji ko? In hadari ya haɗu kada ka je kusa da ƙarfen nan."

"Je ka, bawa," in ji Abbas, yana ɗaga masa kofi. "Wancan hadarin Nijar ne. Ba shi da takarda, 'yan duwan masu tsaron shinge ba za su bar shi ya ƙetaro ba."