Ranar da Na Taka wa Doki Birki a Kasuwar Lolo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na buɗe baki na ce zan hau doki, ni da ko jaki ban taɓa hawa ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar wani doki bidi mai zafin rai a gidanmu na Geza. Ana gama zaman makoki Baffa, ƙanen mahaifin namu, ya ce sayar da shi za a yi tunda gidan babu mahayi, har ya yi magana da wani dillali daga tsallaken iyakar Benin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Dokin nan ne kaɗai in na kalla nake ganin tsohon. Na ce ba inda za shi, ni zan hau.

"Kai?" in ji Baffa. "Kai da ba ka san komi ba sai kabu-kabu? To ran kassuwa ka iske ni Lolo bisa bayan dokin ga. In ba ka iya ba, dillali shi tahi da abinai."

Gaskiya ne, haya nake yi da babur, na kuma daɗe ina cin ƙaniyar ramukan hanyar iyaka da buhuna a bayana. Na ce a raina doki ai babur ne mai cin ciyawa.

Da na fara koyon hawa, tafiyar hankali ba ta ba ni wuya ba, sassarfa ce ta tona mini asiri. Da ya fara sai in matse gwiwoyi, in sandare baya, sirdi ya yi ta jefa ni sama yana cafewa kamar buhun gawayi a bayan akori-kura. (Makon nan duk a tsaye na ci tuwo, na ce wa matata ƙafata nake motsawa.) Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ubanka ba shi faɗa da sirdi. Saki ƙugu, ka zamna da nauyinka, ka bar ƙahwahu su sauka." Na ce to, na kuma ci gaba da sandarewa.

Ran kasuwa na sha shadda na kama hanya. Na isa Lolo haƙorana na kaɗawa, amma dai ina bisa. Can na hango Baffa da dillali a gindin bishiya, gaba da layin masu fura da nono. Sai na ce bari in tsaya a gabansu tsayuwar da za a daɗe ana labari.

Ƙafata ta dama kuwa ta yi abin da ta saba: ta taka birki. Likkafar tsohon irin mai faɗin nan ce mai kaifin gefe, wadda da ita ake zaburar doki. Bidi ya ji ƙarfe a haƙarƙari, ya ɗauka umarni ne, ya zabura. Yana ƙara gudu ina ƙara taka birki. Hannuna na dama kuma ya saki linzami yana ta matsar iska, wai yana neman birkin gaba.

Ban san sa'ad da muka rabu ba. Na dai tsinci kaina zaune a tsakiyar ƙoren nono, hulata a cikin wata ƙwarya, fura manne a kunnena. Wata Bafulatana ta dafe kai tana cewa, "Subhanallahi! Daga sama aka jeho maza yanzu?" Kasuwa ta kwashe da dariya, 'yan'uwana 'yan kabu-kabu (Allah ya isa) suka dinga danna oda.

Kunya ta so ta kashe ni a wurin. Amma da na share ido sai na ga dillali ya riga ya kama bidi, har ya buɗe masa baki yana duba haƙora. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe nono na ɗiga, na fizge linzami daga hannunsa.

"Malam, wanga ba na saidawa ba na," na ce, na sake hayewa.

Baffa ya ce, "Sauko, ɗana, kunyar ta isa."

"Ba ni sauka, Baffa."

Na kaɗa linzami, bidi ya shiga sassarfa. Jikina ya riga ya mutu da duka, ba ni da sauran ƙarfin matse gwiwa ko sandare baya. Ƙuguna ya saki don kansa, ƙafafuna suka sauka, sai na ji ina tafiya tare da dokin, sirdi ya daina jifa na. Na zaga filin dabbobi na dawo, na ja linzami a hankali, ƙafata na nesa da cikinsa.

Baffa ya daɗe yana kallona, idonsa ya yi ja. Sannan ya juya ga dillali. "Yi haƙuri, ka tahi. Zaman yayana bisa sirdi na wanga."

Na bai wa masu nono haƙuri na biya ɓarna, har yau kuma in na wuce sai su rufe ƙorensu da faifai. Abin da na koya shi ne sirdi ba ya karɓar mutum sai girman kai ya fita daga ƙugunsa, nawa kuwa sai da aka jiƙa shi da kindirmo a bainar jama'a. Masu dariya su ci gaba. A ƙasa suke yin ta, ni ina bisa dokin ubana.