Ɗakin Gwajin Rabin Likita

"Ni da na tsufa ina buɗe wa likitoci ƙofa, wace ƙwayar cuta ce ba ta san fuskata ba? Gyaran murya kawai zan yi, zazzaɓi ya kwashi takalmansa."

Maganar Rabin Likita ke nan, tsohon mai gadin asibiti. Kai ma ka san irinsa. Aikinsa bai taɓa wuce bakin get ba, amma a bencin ƙofar shagon tela shi ke yanka wa unguwa magani. Ciwon kai, kafso. Ɓacin rai, kafso. Shi kansa watsa su yake kamar gyaɗa, da ya ji dama-dama sai ya jefa ragowar a gwangwani.

Ana nan sai cikinsa ya tayar da ƙayar baya. Ƙirji na ƙuna, gyatsa mai tsami, kafso ya ƙi ci. Ya yi ta ɓoyewa, don in 'yan benci suka ji likitansu ya kasa da nasa cikin, sunan ya tafi ke nan. Da ƙyar matarsa ta ja shi asibiti.

"Baba, ƙwayar cuta ce a cikinka," in ji likitar, "kuma ka saba mata da magani har ta daina jin tsoronsa. Za mu zura siririn tiyo ta baki mu ɗebo ta, a raine ta a faranti a ɗakin gwaji, a ɗora mata magunguna. Wanda ya kashe ta, shi za ka sha."

Jin tiyo ya tsorata shi, jin faranti kuwa ya dawo masa da ƙarfi. Au, ashe duk ilimin faranti ne! Ya ce bari ya zaga, ya sulale ta get ɗin da ya tsufa yana gadi.

A gida ya buɗe kabad ya kwaso farantan baƙi.

"Malam, farantaina!" in ji matar.

"Ke, kauce. Kimiyya ce."

Ya jera su a saman firji, inda ke da ɗumi. Kowanne ya zuba ɗan romo, wai kada ƙwayar ta kwana da yunwa, ya tofa yawu, ya fasa kafso a kai. Faranti ɗaya ya rage kafso ya ƙare. Gogan naka ya laluba kwandon surukarsa, ya samo wata kwalba da takardar jikinta ta goge, ya tsiyaya.

Ba a jima ba falo ya ɗauki wari. Ranar ganin sakamako ya gayyato 'yan benci, ya rataya farin tawul a wuya, ya hau kujera yana sauko da farantai. Wannan ya yi gashi kore, wancan baƙi, wani har da gemu.

"Kun gani?" ya ce. "Nan duk ƙwayar ta ci magani ta yi ƙiba."

Tela ya toshe hanci. "Rabin Likita, anya ba romon ne ya ruɓe ba?"

"Kai da allura ka sani, ta ɗinki ma!"

Sai ga faranti na ƙarshe fes, yana ƙyalli kamar yanzu aka wanke shi. Bawan Allah ya ɗaga shi sama.

"Ga shi! Ya kashe ƙwayar, ya kashe romon, ko gawa bai bari ba!"

Ya ɗauko kwalbar surukarsa ya kafa kai. Wani direba cikin 'yan benci ya ce ai da cokali ake sha. Ya ce cokali na marasa ilimi ne, ya shanye tas.

Nan matar ta leƙo daga kicin. "Malam, wai me ka ba kyanwar nan? Tun da ta lashe wani faranti a saman firji take zarya bayan gida, har ta rame."

Kafin ya buɗe baki, surukar ta fito tana dogara sanda. "Wa ya ɗauki maganina na wankin ciki? Mai zaƙin nan?"

Falo ya yi tsit, ban da cikin Rabin Likita, wanda ya fara magana da babbar murya. Abin da ya biyo baya ba zan faɗa maka ba, amma tawul ɗin bai koma wuya ba.

A motar direba aka kai shi, ta get ɗinsa, 'yan benci na biye. Da ya ɗan farfaɗo aka kwantar da shi, aka zura tiyon da ya guda. Yana son ya yi wa likitar bayanin inda ta yi kuskure, babu hali, sai ido. Matar ta tsaya tana kallonsa, bakinsa shiru, shiru, abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka kawo ta gidansa.

Sai ta matso kusa da likitar ta yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, don Allah, dole ne sai an cire masa?"