Kintinkirin Sarkin Almakashi

Abin da na fara gani wata kaza ce. Tana kwance a gindin tayar sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya, ta lumshe ido kamar wadda ta gaji wurin.

Abin da ya kai mu ƙaramin asibitin garinmu, nan tsakanin Gummi da Bukkuyum, Kausar ce, ɗiyar maƙwabcinmu Makau. Ta hau mangwaro, reshe ya ƙi ta, hannu ya karye. Malamin asibiti ya duba ya ce sai babban asibiti, kuma yau. Muka yi hamdala, don ga mota nan tana sheƙi, an ɗaura mata jan kintinkiri daga madubi zuwa madubi.

"Wagga mota ba ta tashi," in ji Halilu mai gadi. "Ba a ƙaddamar da ita ba. Sai Ranka-ya-daɗe ya zo ya yanke kintinkiri, bayan damina."

Makau ya ce, "Wace daminar, Malam Halilu?"

"Ba su hwaɗi ba. Kuma ko sun ba ni makulli, kazata na bisa ƙwai. In anka tada ta, wa ka biya na baragurbi?"

Jama'a, kada ku ga laifin Ranka-ya-daɗen nan, Mai Girma Sarkin Almakashi. Mutum ɗaya, almakashi ɗaya, ga rijiyoyi ga kwalbatoci duk suna jiran sa. Laifin Kausar ne da ta yi gaggawa. Sauri ya haifi nawa. Yaro mai tarbiyya yakan bari a ƙaddamar, sannan ya faɗo.

Ni kuwa na shirya zazzafan jawabi a zuci, har da misalai daga ƙasashen waje. Da Halilu ya dube ni, sai na ce masa ina gajiya.

Kausar na ta kuka, hannu na lilo. Kakarta, Inna Turai, ta miƙe tsaye. Ta zaro karan dawa daga darnin maƙwabta, ta kwance reza daga haɓar zane, ta je gaban mota ta datse kintinkirin nan. Ta jera kara a hannun yarinya, ta naɗe shi tsaf, ragowar ta rataya mata a wuya. Kuka ya sauka.

Halilu ya dafe hula. "Inna, kin san abin da kinka yi? Kin ƙaddamar!"

Na tafa sau ɗaya, a hankali.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina shaida maka aikinka ya fara amfanar yara, tun daga kintinkiri. In za a sake aiko mana, a bar motar, a ƙaro kintinkirin, mai ɗan faɗi.

Makau ya tada babur, aka sa Kausar a tsakiya. Inna Turai ta mayar da rezarta haɓar zane, ta hau baya, ko kallon motar ba ta yi ba.