Rasuwar Agogon Hajiya Mabruka, Wanda Yabo Ya Yi Ajalinsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da kunnuwan da har yanzu ke jiran bugun da ba zai zo ba, ni Zuhra, jikar Hajiya Mabruka ta unguwar Koki, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar dattijon gidanmu, agogon bango, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis da la'asar, a zauren wani da ba danginsa ba, bayan jinyar kwana biyar. Ba mu san shekarunsa daidai ba. Hajiya ta ce ta buɗi ido ta gan shi a bango, ita kuwa ta haura tamanin.

Ba mu san ƙasar da aka haifi marigayin ba, amma a Tarabulus ya yi wayo. Daga can mahaifin Hajiya, Alhaji Umar, ya ɗauko shi a bayan raƙumi, naɗe cikin barguna biyu, tun kafin Nasara su shigo Kano. Ya ƙetare sahara ko gilashinsa bai tsage ba.

Wanda bai san gidanmu ba dole a yi masa bayani a nan, domin a kan wannan aka yi asarar ran. Marigayin bai taɓa bin lokacin Nasara ba. Lissafin Larabawan dauri yake bi: yini yana ƙarewa da faɗuwar rana, saboda haka da ladan ya kira magariba ƙarfe goma sha biyu ke nan, sai a fara ƙirga sabo. Kullum da magariba Hajiya takan taka kujera, ta buɗe gilashin, ta daidaita hannayen a kan sha biyu, ranar Juma'a kuma ta murɗa masa mabuɗi. A watan azumi ba a yi mai tausayi irinsa ba. In ya buga goma, har yaran maƙwabta sun san saura awa biyu a sha ruwa.

Dattijo ne mai natsuwa. Kafin ya yi magana yakan yi gyaran murya, ƙirrr, sannan ya ce tan, tan, ɗaya bayan ɗaya, kamar alƙali yana karanta hukunci. Sauran lokaci ƙas-ƙas kawai yake yi. Ya ji duk faɗan da aka yi a ɗakin Hajiya bai taɓa kai wa kowa ba. A gabansa na yi bitar kowane jawabi da aka tilasta mini yi a jami'a, bai taɓa yi mini dariya ba. Aibinsa ɗaya, in aibi ne, ya raine ni da lokaci biyu a ka, har na gama karatu in aka ce lacca ƙarfe takwas sai na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafi.

Likitansa ɗaya ne, Mista Obiora na Sabon Gari, wanda ya shekara ashirin yana zuwa a keke da 'yar kwalbar mai da gashin kaza. Shi kaɗai ne baƙon da bai taɓa cewa agogonmu ya ɓata lokaci ba. Yakan duba na hannunsa, ya duba na bango, ya ce duka biyun suna da gaskiya, garinsu ne ba ɗaya ba. A watan Satumba na 1966 marigayin ya fara sarƙewa wajen bugu, Mista Obiora ya ɗauke shi zuwa shagonsa, ya ce kwana goma. Ba a rubuta takarda ba, a shekara ashirin ba a taɓa rubutawa ba. Kafin kwana goman su cika, abin da ya faru da mutanen gabas a garin nan ya faru. Aka wayi gari shagon a kulle. Wasu sun ce sun ga mai shi a tashar jirgin ƙasa da iyalinsa, wasu sun ce ba shi suka gani ba. Daga nan yaƙin basasa ya rufe hanya.

Shekara uku Hajiya na rataye da mabuɗin a wuya. Idonta ya tafi a cikin shekarun nan, ta daina tambayar komai sai abu ɗaya, ko za ta sake jin bugunsa kafin ta bar duniya. Ni ce na yi mata alkawarin za ta ji.

A watan jiya mai ginin shagon ya ce zai zuba sabon ɗan haya, ya miƙa duk abin da ke shagon ga Malam Ilu mai gwanjo, aka haɗa da kayan wasu Turawa da yaƙi ya kora gida. Baffana Ramadan, ɗan Hajiya na biyu, ya je ya ce agogon namu ne. Aka ce ya kawo takarda. Ya ce shi ne takardar. Ba a karɓa ba. Hanya ɗaya ta rage, mu sayi namu da kuɗinmu.

Ana gobe gwanjo aka baje kayan a wani fili a Fagge don masu saye su duba. Muka je da Baffa, mabuɗin Hajiya na ƙulle a bakin mayafina. Ga kujerun katako masu ƙafar zaki, ga cokulan azurfa an ɗaure su da zare dozin-dozin, ga farantan tangaran masu zanen wasu gidaje da ba su da katanga, ga agoguna bakwai a jere. Namu na ƙarshe, an jingine shi da wani kabad, a idona har ya rame. Na tsaya gefe ina kallon masu saye. Agogon da ya tsaya ba ya tsorata su, cewa suke mabuɗi kawai yake jira. Wanda suke gudu shi ne mai tafiya ba daidai ba. Ni kuwa fam takwas ke gare ni, abin da na tara daga koyarwa. Sai na jira aka kira magariba, mutane suka watse wajen alwala, na murɗa masa mabuɗi, na aza hannayensa a kan sha biyu kamar yadda Hajiya ke yi. Ya yi gyaran murya ya buga sha biyu cif, babu sarƙewa ko ɗaya. Ashe Mista Obiora ya gama aikinsa kafin ya tafi. Wannan ne ya sa ni hawaye, ba shiri. Mai gadi ya waiwayo ya ce wannan tsohon kam ya haukace, sai na ji sanyi a raina.

Ina so a shaida ban yi wa kowa ƙarya ba, na mayar da dattijo kan lokacinsa ne kawai. A hanyar gida na yi wa Baffa bayani sau uku. Gobe za a ce agogon ya lalace, farashi zai faɗi, shi kuma ya ɗaga hannu, tunda ni ba zan iya ɗaga hannu a tsakiyar maza ba.

Na ce, "Baffa, hannu kawai. Ban da baki."

Ya ce shi da ya shekara arba'in a kasuwar Kurmi ba 'yar makaranta ce za ta koya masa ciniki ba.

Washegari komai ya tafi daidai har zuwa goma da rabi saura kaɗan. Malam Ilu ya ɗago marigayin, marigayin ya yi ƙirrr, ya buga huɗu. Fili ya ɗauki dariya. Malam Ilu ya duba agogon hannunsa, ya girgiza kai, ya sa fam biyar. Ba wanda ya motsa. Ya sauko uku, ya sauko biyu. Na ga hannun Baffa ya fara fitowa daga cikin babbar riga, na fara hamdala a zuci. Sai Malam Ilu, don ya motsa kasuwa, ya ce jama'a su yi wa tsoho uzuri, shekara uku ya yi a Sabon Gari, ya koyi shan abin da ake sha a can.

Hannun Baffa ya ƙarasa tashi, amma sauran jikin ya biyo shi.

"Malam Ilu, ka ji tsoron Allah," in ji shi. "Agogon nan bai taɓa kuskuren minti ɗaya ba tun kakanka na tallan goro. Lokacin Tarabulus yake bi. Naka ne baƙo a garin nan."

Na ja masa riga. Ban taɓa jan rigar babba ba a rayuwata, shi kuwa bai ma ji ba. Ya ba da labarin raƙumin da bargunan biyu. Ya nuna lambobin Larabci da ke fuskar agogon. Ya nuna azurfar bakin gilashin, wadda ni da gangan na bar dattin da ke kanta, ya goge ta da hannun rigarsa don na baya su gani. Ya rantse babu irinsa daga nan har Masar. Malam Ilu ya ja gefe ya bar masa fili, yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Da Baffa ya gama, wata Baturiya mai malafa ta ce fam goma. Alhaji Nata'ala, ɗan kwangilar da ke kai wa soja wake da busasshen nama, ya ce sha biyar. Fam takwas ɗina ko gaisawa da kowa ba su samu yi ba. A fam arba'in Baturiya ta haƙura, aka buga wa Alhaji ƙararrawa. Malam Ilu ya tako har inda muke, ya riƙe hannun Baffa da hannu biyu, ya tambaye shi ko yana da sarari Asabar mai zuwa.

Ni na gaya wa Hajiya. Ta tambaya ko Ramadan ya ambaci bargunan. Na ce ya ambata. Ta ce to ai gaskiya ya faɗa, sai dai tun yana ƙarami bai san ranar da ake barin gaskiya ta huta ba.

Ciwon ajali ya fara ne a zauren Alhaji Nata'ala da ke Gwale. Alhaji ya ce dole agogonsa ya yi daidai da labaran rediyo, domin da su yake sanin hanyar da motocinsa za su bi, sai ya ja hannayen baya. Baffa kuwa, da kunyar Hajiya ta hana shi zaman gida, ya tsiri zuwa gaida Alhaji kullum da magariba, da an tashi salla ya lallaɓa ya tura su kan sha biyu. Da safe Alhaji ya ja baya, da yamma Baffa ya tura gaba. Kwana biyar marigayin na ƙarƙashin gwamnati biyu, kowacce na cewa don lafiyarsa take yi. Mista Obiora ya sha gaya mana ba a jan hannun irin wannan agogon baya, amma babu Mista Obiora. A rana ta huɗu ya fara buga abin da ba a tambaye shi ba. Aka kira mai gyaran keke, ya ɗura masa man gyaɗa. Ranar Alhamis ya yi gyaran murya mai tsawo, ya buga talatin da ɗaya, waɗanda suka halarta sun ƙirga, daga nan ya yi shiru.

Alhaji Nata'ala ya nuna karamci. Ya aiko da gawar har ƙofar gidanmu bai nemi ko kwabo ba, da sharaɗi ɗaya, kada Baffa ya sake taka zaurensa. Na gwada mabuɗin, ya juya kamar ludayi a cikin kunu. Hajiya ta shafa fuskar marigayin da tafin hannu, ta tambaye ni inda hannayen suka tsaya. Na ce tara da wani abu. Ta ce in kai su sha biyu, ta gaba ba ta baya ba. Na kai.

Ta ce, "To. Yanzu duk magariba yana kan daidai. Ba wanda zai ƙara yi masa dariya."

Marigayin ya bar mabuɗi ɗaya, da ƙusa ɗaya da ta jira shi shekara uku ba ta karɓi kowa ba, da butar shayi ta azurfa da suka taso tare daga Tarabulus, da kwanon tangaran mai tsaga da Hajiya ke zuba dabino. Ya bar Hajiya, ya bar ni. Ya bar Baffa Ramadan, wanda ke karɓar gaisuwa kai a sunkuye. Rediyon ɗakin mahaifina ba danginsa ba ne, ko da yake tun ranar Alhamis yake ɗaga murya kamar shi ne magaji, alhali ba abin da ya iya sai jero sunayen garuruwan da aka kama.

Game da jana'iza, an wanke shi da tsumma da ruwan ɗumi don fitar da man gyaɗa, an mayar da shi kan ƙusarsa. Limamin unguwa ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, mun ji mun bi. Za a karɓi gaisuwa a gidan Hajiya Mabruka kwana uku, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Wanda ya zo da hantsi ya nuna bai san mamacin ba. Mata su wuce ciki, maza su tsaya a zaure. Ana roƙon masu zuwa kada su yabi marigayin a gaban Baffa, kada kuma su tambaye shi tarihinsa. Hajiya ta yanke cewa kullum da an kira magariba, kafin ya fita masallaci, Baffa zai tsaya ƙarƙashin agogon, ya yi gyaran murya, ya buga tasar tagulla sau goma sha biyu, ba tare da ya ce uffan ba. Ya fara jiya. Hajiya ta ce muryar ba ta kai ba, amma ta yafe mini rabin alkawarin.

Binnewa kuwa an ɗage. Hajiya ta ce a gidan nan ba a haƙa wa kowa rami sai likitansa ya duba ya ce ya cika, likitan agogon nan kuma ɗaya ne. Saboda haka duk wanda takardar nan ta isa hannunsa, soja ne ko direba ko ma'aikacin jirgin ƙasa, in Allah ya haɗa shi da wani Mista Obiora mai gyaran agogo, gajere, mai tabarau ɗaure da zare, ya gaya masa aikinsa ya yi kyau, mu ne muka ɓata. Ya gaya masa mara lafiyarsa na nan a bango a Koki, kuma kwana goman da ya ce, a lissafin gidan nan ba su cika ba tukuna.

Zuhra Ahmad,
a madadin iyalan Hajiya Mabruka,
Koki, cikin birnin Kano, Rajab 1389.