Ruwan da Na Sheƙa wa Matar da ba ta Suma ba

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, duk da na so in manta. Tun kafin mu fita daga unguwarmu Ulaisha, tsorona ɗaya kada in kunyata mijina Baban Hanifa a gaban kafilinsa, wato Balaraben da yake wa tuƙi, wanda iƙamarmu, takardar izinin zama, ke hannunsa. Kafil ɗin ne ya gayyace mu wani gidan wasan barkwanci a cikin Riyad, tare da matarsa. Ni kuwa wata bakwai ke nan da zuwana, Larabcina bai wuce na cefane ba, ga Hanifa tana haƙori, duk ta gajiyar da ni. Na bar ta wurin maƙwabciyarmu Inna Zara, 'yar Damagaram, na bi Baban Hanifa ina jan ƙafa.

A mota ya ce, "Maman Hanifa, ki dai yi abin da kika ga mutane na yi." Na ce to.

Ɗan ƙaramin zaure ne, kujeru a matse, fitila a kan dandamali kawai. Wani saurayi ya fito yana ta zuba, mutane na ƙyaƙyatawa. In matar kafil ta yi dariya sai in yi (tawa takan makara kaɗan, sai ta fito ita kaɗai kamar tari). Kumatuna har sun gaji.

Can aka shiga wasan kwaikwayo. Wata mata mai baƙar abaya da ke zaune a gabana ta miƙe, ta hau mutumin da ke kan dandamali da faɗa, tana nuna shi da yatsa. Sai ta dafe ƙirji, ta zube a tsakanin kujeru, tim!

Ba wanda ya motsa. Wasu ma dariya suke. Na ce a raina, wannan wane irin rashin imani ne? A garinmu in mace ta faɗi ai ba a tsayawa tambaya. Ban san sanda na tsallake ƙafafun matar kafil ba. Na ɗora kanta a cinyata, na buɗe gorar ruwana mai sanyi na sheƙa mata a fuska, ina salati, ina fifita da mayafina, ina ihu da Hausa, "Ku matsa! Ku ba ta iska mana!"

Matar ta buɗe ido ɗaya, kwalli na gangaro mata har haɓa. Ta ce a hankali, "Halas, halas," wato ya isa haka. Abin mamaki sai na ji muryarta ta cika zauren. A nan na lura da wani ɗan abin magana manne a kumatunta, ga fitila ta haske mu mu biyu fes.

Baban Hanifa ya sunkuyo, zufa na ɗiga daga goshinsa. "Wasa ne fa. Cikin 'yan wasan take. Sake ta, don Allah, sake mata kai."

Ashe haka suke yi a wurin, sai su zaunar da ɗan wasa cikin 'yan kallo. Kowa ya sani banda ni. Zauren ya kaure da tafi, kafil ya kwanta a kujera yana share hawaye da ƙyallen kansa. Na koma mazaunina da jiƙaƙƙen zane, ban ƙara ɗaga kai ba har aka tashi.

Aikin Baban Hanifa dai bai taɓu ba, alhamdulillahi. Sai dai kullum da safe kafil kan tambaye shi lafiyar "Daktora", shi kuma ya dawo gida ya isar mini da gaisuwar, fuska ba walwala. Wata uku ke nan ba a fasa ba.

Na dai koyi cewa a garin nan, kafin ka taimaki wanda ya faɗi, ka fara ɗaga kai ka duba ko fitila na haska shi. Don Allah, duk wanda zai kai baƙuwa irina irin wannan wuri, ya gaya mata tun a gida waɗanda aka ɗauka aikin suma.